Agogon Nutso a Rijiyar Zandam

Alhaji Badaru bai iya ruwa ba. Wannan ba gulma ba ce, duk Birnin Kudu an sani. Da damina in zai ƙetare kogin Gwaram, tsakiyar kwalekwale yake zama ya runtse ido, ya yi ta salati har a kai gaci. Amma a shekarun da kuɗin man fetur suka fara zubowa, aka ba shi kwangilar kwalbatoci a hanyar Gwaram. Ya sayi farar Fijo, ya je Makka ya dawo da haƙori, sai kuma ga shi wata Laraba ya dawo daga Kano da agogo biyu irin na masu nutso a teku.

Wani Kwara, Balarabe mai kanti, ne ya ba shi, ya ce ya je gida ya gwada, ran Litinin ya mayar da wanda bai yi masa ba. Ɗaya ƙirar Suwizalan ne, baƙar fuska, sarƙarsa ta ƙarfe mai nauyi, in ka ɗaura sai hannunka ya san an ɗora masa abu. Ɗayan ƙirar Jafan, fuskarsa shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina, maɗaurinsa na baƙar roba. Duka biyun ba a wana su, motsin hannu ke tafiyar da su, kuma lambobinsu suna haske a duhu. Kwaran ya ce baƙin yana jure zurfin ƙafa dubu, shuɗin kuwa ƙafa ɗari biyar.

Matarsa Kubra ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta juya, ta kara a kunne.

"Alhaji, wane tekun za mu?"

"Ke ba ki san kaya ba."

"Na dai san mai kayan. Mutumin da in sabulu ya shiga idonsa sai maƙwabta sun ji."

Ya ce ai amfaninsu a fili yake, ko alwala zai yi ba sai ya cire ba. Ta ce to ya tambayi liman. Ya kuwa tambaya bayan la'asar, liman ya ce dole ruwa ya taɓa fatar da ke ƙarƙashi, ko da agogon kifi ne ya ƙera shi. Wannan hujja ta faɗi, amma Badaru bai saki ba. Kwana biyu yana yawo da baƙi a dama, shuɗi a hagu, yana naɗe hannun riga ko ba zafi. 'Yan majalisarsa suka rabu biyu. Masu son baƙi suka ce shi ne na manya, masu son shuɗi suka ce ya fi hawa da farar shadda. Kowa ya faɗi nasa, Badaru ya gyaɗa kai, bai ɗauki na kowa ba.

Gaskiyar magana, ba shawararsu yake nema ba. Akwai mutum ɗaya da yake so ya ji ta bakinsa, kuma shi wannan mutumin, yau shekara arba'in da ɗaya ke nan, bai taɓa ce masa komai ba.

Badaru ɗan fari ne. Mahaifinsa Malam Sada, can Zandam, Bafulatani ne na gidan shanu, irin waɗanda yaren ya tafi amma kunyar ta zauna daram. Tun ranar suna bai taɓa kama sunan yaron ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa dubansa ido da ido ba. Da aka yaye shi ƙanwar uban, Goggo Hajjo, ta ɗauke shi ta riƙe. In magana ta kama dole, sai Malam Sada ya dubi Hajjo ya ce, "A gaya wa ɗanki." Ƙannen Badaru kuwa ana kiransu, ana yi musu faɗa, har dundu suna sha. Shi ko dundun bai samu ba, kuma yana yaro ya sha jin kishin hakan. Ya san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Amma sanin bai hana abin ci masa rai ba. Da ya kai Fijo gida, tsohon bangon zaure ya duba ya ce Allah ya tsare hanya. Da ya dawo daga Makka, Hajjo aka yi wa barka. Yanzu sai ya raya a ransa cewa in ya ajiye abu biyu a gaban tsohon, ai dole ya nuna ɗaya, kuma nunin nan ma magana ce.

Ran Asabar da hantsi ya isa Zandam. Bazara ce, gari ya ɗau zafi. Ya sami Malam Sada a gindin tsamiyar ƙofar gida yana tufka igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban ɗan yatsan ƙafa. Badaru ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna gefe, ya yi gaisuwa. Tsohon ya amsa wa igiyarsa. Hajjo ta fito da ƙwaryar fura, ta zauna tsakaninsu kamar yadda ta saba. Badaru ya shimfiɗa hankici ya jera agogunan.

"Goggo, cewa na yi ko Baba zai duba, wanne ya fi."

Hajjo ta juya. "Yaya, wai wanne ya fi."

Malam Sada bai ɗaga kai ba. "Ki tambayi ɗanki, me suke yi wanda rana ba ta yi?"

"Na ruwa ne, Goggo. Ana shiga teku da su, ba sa tsayawa."

"Wai na ruwa ne, Yaya."

Tsohon ya tofa yawu a tafi, ya murza rama a cinya. Can ya ce, "To in na ruwa ne, a tambayi ruwa mana."

Duk wanda ya san Malam Sada ya san shaguɓe ne. Hajjo ma sai da ta rufe baki da gefen zane. Amma Badaru, bawan Allah, shawara ya ji. Ta farko a duniya daga bakin ubansa. Ya tattara hankicinsa ya miƙe, ya nufi rijiyar shanu da ke bayan gari, Hajjo na biye da shi tana cewa ya bari ya sha fura tukuna.

Rijiyar gaba goma sha biyu ce. A bakinta suka tarar da Haladu mai yasar rijiya zaune, ƙafarsa naɗe da tsumma, wani bijimin sa ne ya taka shi tun shekaranjiya. Mata uku na jan ruwa. Badaru ya nemi aron guga, ya ɗaura agogunan a mariƙinsa, ya zura a hankali har ya ji ya nutse. Ya tsaya riƙe da igiya, fuska a murtuke, sai ka ce alƙali a kan shari'a. Haladu ya tambaya me ake jiƙawa. Da aka gaya masa, ya ce shi dai a iya saninsa agogo ba ya tsiro.

Da aka jawo guga, shuɗin na nan yana ta tafiyarsa, ruwa na ɗiga. Baƙin babu. Sarƙar tana da 'yar maɓalli ta biyu da ake dannawa, Badaru kuwa har ranar bai lura da ita ba.

"To, ruwa ya zaɓa," in ji Haladu.

Kafin azahar rabin gari ya hallara. Makiyaya sun iso da shanu, an ce su dakata kada wasaki, babban gugansu na fata, ya dama laka ya binne kayan mutane. Shanu na kuka, mata sun jera tuluna suna jira, kowa na ba da shawara. Aka zura ƙugiya. Ta fito da tsohon guga, ta fito da takalmin roba ƙafa ɗaya, ta fito da ludayi. Wata tsohuwa ta ce ludayinta ne, ta karɓe abinta ta yi gaba. Badaru na tsaye, gumi ya jiƙa shaddarsa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ba agogon ke damunsa ba kamar yadda labarin zai isa gindin tsamiya.

Ashe ya riga ya isa. Mutane suka dare, sai ga Malam Sada da sabuwar igiyarsa a kafaɗa. Bai dubi kowa ba. Ya leƙa rijiya, ya dubi ƙafar Haladu, ya dubi shanun da ke jira. Sai ya tuɓe riga ya miƙa wa Hajjo, ya fara ɗaura igiya a ƙugunsa. Tsoho ɗan saba'in, haƙarƙarinsa duk a waje.

Ba dama Badaru ya ce Baba ka bari, ba a taɓa irin wannan magana tsakaninsu ba. Sai ya cire babbar riga da hula, ya miƙa wa Hajjo shuɗin agogon, ya kama ɗaya bakin igiyar ya naɗa a nasa ƙugun. Ƙullin da ya yi ko akuya ba zai riƙe ba. Malam Sada ya tsaya yana kallon ƙullin. Ya kwance nasa, ya ce da Haladu, "Gyara wa ɗan Hajjo."

Haladu ya ja gindi ya matso, ya ɗaure shi ta ƙugu da hammata. Wasa ya bar fuskarsa.

"Alhaji, ka ji da kyau. Ruwan iya ƙirji ne, ba zai ci ka ba. Iskar ƙasan ita ce abin tsoro, ta taɓa kwantar da mutum a rijiyar nan. Duk wanda ya sauka ba ya shiru. Ka yi ta magana, ko waƙa ce ka yi. In muka ji shiru, mun san ba lafiya."

Ƙarti huɗu suka kama igiya. Malam Sada ya shiga gabansu, ya kafa ƙafa a itacen da aka gitta a bakin rijiya, igiyar na bi ta tafin hannunsa.

Magana kam Badaru ya yi ta. Duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, har da ta shiga kasuwa. Hasken sama ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar faifai. Sanyi ya kama ƙafarsa, ya hau gwiwa, ya hau ciki, ya tsaya a ƙirji. Ya ji laka a ƙarƙashinsa. Ya ce ya iso, daga sama aka amsa. Ya yi ta lalube da yatsun ƙafa, ba komai sai duwatsu da fasassun ƙore. Da idonsa ya saba da duhu, sai ya hango wasu 'yan ɗige-ɗige kore a jikin bango, ƙasa da ruwa, sun yi da'ira. Agogon ne ya maƙale a wani lungu, yana ta haskensa.

Hannu ba ya kaiwa sai an sa kai. Mutumin da sabulu ke sa shi kururuwa ya ja numfashi, ya toshe hanci, ya nutsa. Ya taso ba komai. Ya sake, ya taɓa sarƙar ta kuɓuce. Ya manta da Haladu, ya manta da magana. A sama an kira Alhaji har sau uku, Hajjo ta kira, duk kansa na cikin ruwa. A karo na huɗu ya damƙo shi, ya taso yana haki, ruwa na fita daga kunnensa.

A nan ya ji.

"Badaru!"

Muryar ta gangaro ta bangon rijiya, ta cika wurin. Ya san ta. Ya ji ta tana kiran shanu, tana kiran ƙannensa, tana kiran salla in ladan ba ya nan. Bai taɓa jin ta ɗauke da wannan suna ba. Ya tsaya cikin ruwa, agogo a hannu, bakinsa a buɗe. Kuma Allah ya yafe masa, yana sane ya ƙi amsawa. So yake ya ƙara ji.

"Badaru. Kai, Badaru, yi magana."

Wannan karon muryar ta karye a tsakiya, igiya kuma ta fizge shi da ƙarfin da ba na ƙarti huɗu kaɗai ba. Sai kunya da tausayi suka kama shi lokaci guda.

"Na'am, Baba. Lafiya lau nake. Na samo shi."

Aka jawo shi, laka har gira. Jama'a suka yi ta barka, makiyaya suka zura wasaki tun kafin ya gama kwance igiya. Gilashin agogon ya ɗan karce a gefe, amma yana tafiya daidai da shuɗin, ko daƙiƙa bai bari ba. Haladu ya ce to yanzu kam ba mai karɓar wannan a kanti, shuɗin ne zai koma Kano. Badaru ya ce haka ne, ya ɗaura baƙin, ya danna 'yar maɓallin har ta yi ƙara.

Ya duba bai ga tsohon a cikin mutane ba. Can ya hango shi ya nufi gari, riga a kafaɗa, yana tafe yana hura tafin hannunsa inda igiya ta saɓule fata. A bakin rijiya kuwa ba wanda ya ɗaga zancen. Masu jan ruwa suka ci gaba da ja, ƙartin suka shiga hirar ƙafar Haladu. Mutanen Zandam sun san abin da ake ji da abin da ba a ji.

Hajjo ta ɗebo ruwa a ƙwarya tana zuba masa a ka, tana cuɗa lakar da hannu kamar yadda take yi masa yana ɗan shekara biyar. Idonta ya yi ja. Ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Ni dai ban ji komai ba."

Badaru ya share ruwan da ke fuskarsa, wani ya sake gangarowa.

"Ni na ji, Goggo," ya ce. "Har sau uku."