Kafin Kwalaben Su Yi Ɗumi

"Ba nan ba, Maman Suhaib! Jar wayar, jar!"

Baba Nehemiah ne ke daka mini tsawa daga kan katifa, mutumin da tun safe ko ruwa ya kasa haɗiyewa. Ni kuwa ina durƙushe a ɗakinsa, kaina cikin tumbin amfilifayarsa, akwatin ƙara sautin jita, hannuna riƙe da ƙarfen liƙi da muka gasa a garwashi saboda babu wuta. Ni da sana'ata ɗinki! Wai dalilin da ya sa ya aika a kira ni ke nan, mai zura zare a allura hannunta ba ya rawa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Nasarawo. Akwatin nan ya girme ni, irin na da ne, mai kwalabe a ciki kamar ƙwan fitila. Da shi yake kaɗa jita matarsa Mama Mary tana waƙa, a coci da gidajen biki. Tun ina amarya nake ɗaga murya ta kan katanga in ce, "Baba, a rage mana, kanmu zai fashe!" Ya yi dariya ya ƙara.

Bayan rasuwar Mama Mary ruwan sama ya zubo wa akwatin, wasu kaya suka ƙone. Ya sa sababbi, akwatin ya tashi, amma Baba ya ƙi yarda.

"Tana magana," in ji shi, "amma ba muryarta ba ce. Ta bushe."

Ban taɓa tambayarsa ko akwatin yake nufi ko matar ba.

Ya canza kwalabe, ya canza wayoyi, ya canza lasifika, a banza. Sai bana ya tsinci mataccen rediyo wurin 'yan gwangwan a Kagarawal, ya ciro wata kafasita a ciki, 'yar guntuwa mai maiƙo kamar gutsuren kyandir. Ya rantse ita ce ta rage. A makon kuwa ciwo ya kayar da shi, asibiti suka ce a mai da shi gida. Kafasitar nan ce nake ƙoƙarin liƙa masa yanzu.

"Dadi, don Allah ka huta," 'yarsa Jummy ta ce tana kuka.

"In na huta ai shi ke nan. Maman Suhaib, kar ki taɓa babban gwangwanin nan, ko a kashe cizo yake."

Wallahi tsoro ya kama ni, ba na gwangwanin ba. Numfashinsa nake ji yana ja kamar zaren da ya sarƙe a keken ɗinki. Dalma ta ƙi kamawa, ƙarfen ya huce, Jummy ta ruga ta sake gasowa. Na dafa, ta narke, ta kama.

"Ta zauna, Baba!"

"To wuta fa?"

Wuta kuwa ko alamarta. Maigidana Dalhatu ya riga ya tafi aron janareta wurin Titus mai aski. Ya iso da shi a keke, gumi sharkaf, ya ja igiya, ya ja, ya sake ja. Shiru. Na leƙa ta taga na ce, "Baban Suhaib, ka ja da ƙarfi mana, mutum zai tafi!" Ban san nauyin abin da na faɗa ba sai da na ga idon Jummy.

Janareta ya yi tari ya tashi. Jummy ta ɗora wa mahaifinta jita a ƙirji, ta jera masa yatsu a kan tsirkiya. Na danna makunni.

Ba abin da ya fito.

"Wayyo, na ɓata! Baba, na ɓata maka!"

"A'a, 'yata." Da ƙyar nake jin muryarsa. "Sai kwalaben sun yi ɗumi. Ba a yi mata gaggawa. Mary ma haka take."

Duk muka zuba wa akwatin ido, har Dalhatu da ke tsaye a bakin ƙofa. Can cikin kwalaben wani ɗan ja ya fara bayyana, a hankali, a hankali, kamar garwashin da ake hurawa. Ina ta cewa a zuci, yi sauri, don Allah yi sauri. Sai lasifika ta fara gunji ƙasa-ƙasa.

Jummy ta shafi tsirkiyar da babban yatsa.

Tsigar jikina ta tashi. Ita ce. Muryar nan mai kauri mai taushi da ta riƙa tsallako mini katanga ina amarya, har na zaci Mama Mary za ta karɓa daga madafi.

"Dadi, ka ji? Dadi?"

Muka juya. Idonsa a buɗe yana kallon akwatin, hannunsa ya zame daga kan jitar ya faɗi a katifa. Babu wanda ya ga lokacin, duk kwalabe muke kallo.

Jummy ta cafki zanina. "Anti, ya ji? Ki gaya mini, ya ji?"

"Ya ji," na ce mata. Allah ne ya sani.

Dalhatu ya fita ya kashe janareta. Jan da ke cikin kwalaben ya dusashe. Jummy ta zauna a ƙasa, hannu ɗaya cikin na mahaifinta, ɗayan a kan akwatin, wanda har yanzu da sauran ɗuminsa.