Dutsen da Bai Ji Birki Ba

Baba Direba na zaune a benci a ƙofar ɗakin taro, hularsa a gwiwa, yana jiran kwamiti ya gama shan shayi ya yanke ko gobe yana da aiki. Mutumin da ya yi furfura a kan sitiyari bai taɓa goge fentin kowa ba, yau shi ake tuhuma da fasa kan Manaja. Kuma da me? Da kambun tuƙi lafiya.

Kamfani ne ya ba shi kambun, wani dunƙulen dutse mai sheƙi da aka sassaƙa kamar sitiyari, nauyinsa ya kai na bulo. Shi gida ya so kai shi, matarsa har ta share masa wuri a kan kabad. Manaja ya ce ina, abin alfahari ba a ɓoye shi a ɗaka. A ɗora shi a mota bayan kujera, jikin gilashin baya, duk wanda ya biyo su ya san da wa yake tafiya. Baban ma dai abin ya yi masa daɗi, kullum sai ya goge shi da hannun riga.

To shekaranjiya suna cikin gudu, wata mata da goyo ta faɗo titi tana waya. Baba ya take birki iya ƙarfinsa. Mota ta tsaya cak, matar ta wuce ko waiwaye babu. Manaja, da ya ce bel na ɓata masa guga, ya tafi da goshi ya gaisa da kujerar gaba, kambu ya biyo shi ya same shi a ƙeya.

Likitar da ta yi ɗinkin ta faɗa musu tana cire safar hannu cewa birki mota yake tsayarwa, ba abin da ke cikinta ba. Duk abin da ba a ɗaure ba, gudun da yake yi zai ci gaba da yi har sai ya sami mai tare shi, kuma a cikin gudu bulo ɗaya kan yi bugun buhunan siminti. Manaja ya ce shi ba lacca ya zo ji ba.

Kwamiti kuwa sun sha wuya, bayin Allah. Ba dama a ce laifin kambu ne, su suka sayo shi. Wanda ya ce a ɗora shi can, ga shi nan a kujerar shugaba da bandeji har kunne. Matar ba a san inda ta yi ba. Saura birki. Aka kira Baba ciki, Akanta ya tambaye shi ko ba zai iya takawa a hankali ba.

"Zan iya, yallaɓai. Sai dai da yanzu a kotu ake wannan zaman."

Kowa ya koma kallon kofinsa. Da yake hoton Baba riƙe da kambu na manne a bangon ɗakin, korarsa ta zama abin kunya. Aka bar shi da gargaɗi: nan gaba ya riƙa sanarwa kafin birkin gaggawa, kambu kuma a riƙa ɗaure shi da bel.

Da aka tashi aiki Baba ya zaunar da dutsen a mazaunin Manaja, ya ɗaure shi tamau. Manaja ya zagayo ya zauna daidai bayan Baba, wai surukinsa ya ce nan ne wuri mafi aminci a mota. Bel kam bai ko kalle shi ba.

Baba ya ɗaga ido ga madubi. Ya dubi dutsen, ya dubi Manaja, tumbi da kafaɗu sun cika kujera, duk suna saitin wuyansa. Aikin nan da ƙyar ya tsira ɗazu, ga 'ya'ya a makaranta. Ya murɗa makulli rabi, ya saki. Ya sake, mota shiru.

Manaja ya tambayi me kuma ya faru.

"Ranka ya daɗe, tun abin nan makanike ya haɗa ta da bel ɗin baya. In ba a ɗaura ba, ba ta tashi."

Manaja ya shafa bandejinsa. Can ya ja bel ya zagaye tumbin da ƙyar, ƙarfe ya ce ƙas. Baba ya murɗa makulli har ƙarshe, inji ya kama.

"Ka gani ko?" in ji Manaja yana gyara zama. "Ni na ba da umarnin a yi haka."