Hatimin Noureddine

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Na maƙwabciyarmu ne, Lalla Rkia, kuma na kasa barinsa a cikina.

Tun rasuwar mijinta kafaɗarta ta dama ta riƙe, har ɗaura kallabi ya zamar mata aiki. Ba ta nemi likita ba. Kai tsaye ta sauka wurin Ghizlane mai gashin ƙashi, a bakin layinmu a Meknes.

"Lalla, zan karɓe ki ba takarda," in ji Ghizlane tana murza mata kafaɗar. "Amma inshora ba za ta mayar miki da ko dirhami ba sai da hatimin likita. Ba ɗanki likita ba ne a Rabat? Rijiya a tsakar gida, kina sayen ruwa?"

"Aiki ya yi masa yawa, 'yata. Ke dai murza, hannunki kamar na maƙeri."

Amma maganar ta bi ta gida. Likita ai ba ya buga hatimi sai ya ga ciwo da idonsa. Wata bakwai rabon ɗanta Noureddine da gidan. Ta kira shi, ta ce kafaɗa ce, takarda ake nema, Juma'a tana gida.

"To, Mama, kar ki damu."

Ranar Juma'a ta tashi da asuba. Da hannun hagu ta turara kuskus, ta yanka kabewa manya yadda yake so, ta fito da babban akushin da aka daina fitarwa. Aka sauko daga masallaci, aka yi la'asar, Noureddine bai zo ba. Ta mayar da murfi.

Ranar Litinin tana shiga wurin gashin, Ghizlane ta ɗaga wata takarda a gaban matan da ke jiran layi.

"Ta iso tun Alhamis, ta waya ya turo. Ga hatimi, ga sa hannu, zaman gashi ashirin. Ki huta, inshora ta biya."

"Allah ya ba mu irin ɗanki, Lalla," in ji wata mai sanda. "Nawa ko waya ba ya ɗauka."

"Amin," in ji Lalla Rkia.

Ta karɓi takardar ta duba. Ya rubuta kafaɗar hagu.

Ghizlane ta juya tana shimfiɗa zane a kan gado, matan suka koma hirarsu. Lalla Rkia kuwa ta ninke takardar, ta zura takalmanta, ta ja ƙofa a hankali don kada ƙararrawar ƙofar ta kaɗa.