Waƙa ta Shida a Cikin Kabad

Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wani ƙaton namiji mai shekara talatin yana tsaye a cikin kabad ɗin rataye kaya, ya riƙe ƙofa da ɗan yatsa, yana rera waƙar soyayya ga maratayai ashirin da babu komai a jikinsu. Duk sa'ad da ya ɗaga murya sai maratayan su kaɗa, su amsa masa da 'yar ƙarar ƙarfe, kamar masu yi masa dariya a ɓoye.

Mai Jita suke kiransa a unguwa, wasu don yabo, mafi yawa don tsiya. Wani gidan rediyo ne ya buɗe ƙofa ga sababbin mawaƙa: kowa ya aiko da waƙoƙi shida na ƙashin kansa kafin ƙarfe huɗu na yammacin yau, kuma kada shekarunsa su haura talatin. Shi kuwa wata mai kamawa zai cika talatin da ɗaya. Ƙofar nan in ta rufe yau, ta rufe masa ke nan. Waƙa biyar sun kammala. Ta shidan ce ya rera sau goma sha bakwai tun da gari ya waye, kuma ta goma sha bakwai ɗin ya tura wa abokinsa Injiniya, wanda ke tace masa sauti.

Wayar ta yi ƙara tun bai gama share gumi ba.

"Mutumina, a ina ka shiga ka yi wannan?" in ji Injiniya. "Rijiya?"

"A kabad mana, inda na saba."

"Wallahi ba inda ka saba ba ne. Biyar ɗin farko muryarka a kusa take, kamar kana raɗa wa mutum a kunne. Wannan kuwa sai ka ce mai kiran ɓatacciyar akuya a bayan dutse. Ga wani ƙaraf-ƙaraf kuma da ban san ko mene ne ba."

"Ƙofar ce. Ba ta kamawa. Ba za ka iya gyarawa ba?"

"Ni injiniya ne, ba boka ba. Amsa-kuwwa in ta shiga murya, ba mai tsince ta. Wai ina kayan Malama suka tafi ne?"

Injiniya ya san amsar, bakinsa ne ya riga shi. Ya yi gyaran murya, ya sassauta.

"Sake rerawa, amma ka bar mini awa ɗaya in yi aiki a kai. Kafin uku nake so ta shigo, in ba haka ba mu biyun mu haƙura."

Malama ce matarsa, tana koyar da 'yan aji uku a makarantar firamare, kuma ita ta gano dabarar kabad ɗin. Wata rana, shekara biyu da suka wuce, ta same shi yana zagin bangon ɗaki saboda yadda yake dawo masa da murya, sai ta kama hannunsa ta tura shi tsakanin rigunanta, ta miƙa masa makirfo, ta ce, "Gwada nan." Ya gwada. Zannuwanta da mayafanta da manyan rigunanta suka shanye duk wata amsa-kuwwa, muryarsa ta fito da ɗumi, shi kansa bai san yana da irinta ba. Tun daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Shi yana ciki, cikin duhu da ƙamshin turarenta. Ita tana waje a zaune a ƙasa, ta jingina bayanta da ƙofar don kada ta yi motsi, tana duba littattafan yara da jan biro. In baiti ya yi mata, sai ta ƙwanƙwasa ƙofar sau ɗaya bayan ya dire. In bai yi ba, shiru.

Saura abu guda, firji. Tsohon firji ne mai ƙugi, yana bayan bangon kabad ɗin, kuma makirfo na ɗaukar ƙuginsa tsaf. Don haka kafin ya fara sai ya zare shi daga wuta. A cikin firjin nan kwalaben allurar Malama suke, ta ciwon suga, wadda take yi wa kanta kullum tun tana 'yan mata, kuma allurar ba ta son zafi. Malama ta kafa doka ɗaya tak: in zai zare firji, ya jefa makullin gida a ciki. Ba zai iya fita ba sai ya buɗe firjin, in ya buɗe kuwa zai tuna.

Ranar waƙa ta biyar tana can wurin taron malamai na kwana uku. Ya tokare ƙofar kabad da kujera ta hanyar ɗaura mata igiya, ya zare firji, ya dubi makullin a hannunsa, ya ce minti goma ne kawai. Waƙar ta fito tsaf a karo ɗaya. Ya rungumi kwamfuta ya ruga gidan Injiniya, kuma can ya yi kwana biyu, a tsakiyar zafin da ke narkar da kwalta. Da ya dawo ya ji gidan tsit, ya gane. Ya mayar da firjin wuta, ya taɓa kwalaben, ya ga kamanninsu bai sauya ba, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mantuwar tana da sauƙi. Shirun ne ba ya barinsa ya dubi madubi. Kwana biyar tana yi wa kanta allurar da ta mutu, tana mamakin ƙishirwa da jiri, yana ce mata gajiyar taro ce. A rana ta shida ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo, alli a hannunta, yara suna kururuwa. A asibiti ya faɗi gaskiya, a gaban yayanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta juya fuskarta ga bango. Da aka sallame ta Yaya ya zo da mota ya kwashe kayanta har tsinke. Yau kwana tara.

Yanzu sha biyu ta gota. Ya ciro labulen taga ya rataya, ya ƙara da tawul biyu da rigunansa huɗu, waɗanda duka ba su kai kaurin zanenta ɗaya ba. Ya yi kokawa da katifa, ta ƙi shiga. Ya lulluɓe kansa da zanen gado tare da makirfon, numfashinsa ya sarƙe kafin ya kai amshi. Ya saurara. Har yanzu rijiya. Igiyar kujera ta kwance, ƙofar ta buɗe da kanta a hankali, haske ya shigo ya same shi sharkaf da gumi, muryarsa ta fara dishewa. Ya ƙirga a ransa: in ya matsa, saura masa rerawa biyu, ko uku, kafin maƙogwaro ya ƙi.

Ƙarfe ɗaya da kwata ya ɗauki waya. Kwana tara yana tsara abin da zai faɗa mata in ya kira, kalmomi masu nauyi, waɗanda ya tsinto daga dukan littattafan da ya karanta. Yaya ne ya ɗaga.

"Yaya, barka da rana."

"A'a, tauraro! Yau an tuna da mu?"

"Yaya, don Allah... ya jikin nata?"

"Tana numfashi, ba da taimakonka ba. Me kake so?"

Idonsa yana kan agogo, kuma agogon ne ya yi magana da bakinsa.

"Kayanta nake so a ara mini. Na awa ɗaya kawai. Riguna da zannuwa. Zan dawo da su yau."

Mai Jita ya duba ko wayar ta yanke.

"Maimaita in ji," in ji Yaya, a hankali. "Kwana tara ba ka kira ba. Yau ka kira, kuma ba matarka kake nema ba, tsummokaranta kake nema. Ke, zo ki ji mijinki!"

Wayar ta mutu. Mai Jita ya zame ya zauna a ƙasa, daidai inda take zama, ya jingina bayansa da ƙofar kabad. Bai taɓa zama a nan ba. Ƙasan da sanyi, mariƙin ƙofar yana sukar kafaɗa, kuma daga nan ba abin da ake gani sai gefen firji. Shekara biyu a nan take zama. Ya kifa kansa a gwiwa ya yi kukan da bai yi a asibiti ba, yana sane da cewa kukan zai ƙarasa masa murya.

Ƙarfe biyu da minti goma mota ta yi ham a waje. Ya ɗauka ta maƙwabta ce, sai da ya ji makulli a ƙofa.

Ta rame, wuyanta ya fito. Jaka biyu manya ta jawo, da 'yar ƙaramar kula a rataye a kafaɗa. Ta taga ya hango Yaya a cikin mota, bai ko kashe inji ba.

"Malama..."

"Matsa," ta ce. "Lokacinka na tafiya."

Ta cire labule da tawul ta zubar a ƙasa kamar shara. Ta fara rataye kayan, kuma sai a lokacin ya ga ashe da tsari take yi: masu kauri a bayan makirfo, masu santsi can gefe inda ba za su yi ƙara ba, mayafai a saman kai. Shi duk zamansa ya ɗauka tara su kawai ake yi.

"Na yi kuskuren magana a waya," ya ce. "Ba haka na so in faɗa ba."

"Haka ka so. Gara da ka faɗi gaskiya, ai ka fara koyo." Ta gyara wani hannun riga. "Waƙa huɗu na zauna wa ƙofar nan. Ba zan bar bayana ya yi ciwon banza ba."

Ta buɗe kular, ta dubi ciki, ta yi tsaki. Ƙanƙarar ta narke a hanya. Ta wuce ta jera kwalabe uku a firji, ta rufe, ta dawo ta zauna a wurinta.

Biyu da rabi. Ya ɗauki hedifon, kuma ƙafafunsa, da suka fi shi riƙe sabo, suka kai shi bayan firji. Sai da yatsunsa suka kama wayar wutar ya farga. Ya ɗago. Tana kallonsa, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Ya saki wayar.

"Zai shiga cikin waƙar," ta ce.

"Na sani."

"Minti biyar ba ya lalata allura. Kai ma ka san haka. Ga ni a zaune kuma."

"Wancan ma minti goma na ce."

Ta ƙura masa ido, sannan ta kau da kai. "Ruwanka. Shiga."

Ƙofar ta rufe, ya ji nauyin bayanta ya danne ta, ƙaraf-ƙaraf ɗin ya ɗauke. Duhu, da ƙamshin da ya yi kwana tara yana nema a jikin matashi. Ya danna maɓalli. Firjin ya yi shiru a baitin farko, har ya fara sa rai, sai a tsakiyar na biyu ya farka ya kama ƙugi. Mai Jita ya ji shi a kunnuwansa biyu, yana bin ƙarƙashin jita kamar jirgi mai nisa. Bai tsaya ba. Muryarsa ta tsage a wurin da ya ce, "Na daɗe a inuwarki, ban taɓa ɗaga kai na ga bishiyar ba," ya wuce da tsagewar, ya kai ƙarshe, ya dire.

Ya jira ƙwanƙwasa. Ba ta zo ba. Nauyin ya ɗaga daga ƙofar.

Uku saura minti takwas ya tura. Saura minti uku Injiniya ya kira, yana haki kamar shi ya yi waƙar.

"Ta dawo! Muryar ta dawo, ɗan banza, har ta fi ta da! Amma akwai ƙugi a ƙasa, na firji ne ko? Zan iya rage shi, ba zan iya kashe shi ba. Maza zare shi ka sake, na ƙara maka minti goma."

"A bar shi."

"Kai, mutanen nan kunne gare su. Waƙa ɗari za su ji, dalili kaɗan suke nema su jefar da taka."

"Na ji. Tace ta haka ka tura."

"Shekara biyu fa, mutumina."

"Na sani. Tura."

Yaya ya sake yin ham, mai tsawo. Malama tana tsaye a bakin firji tana mayar da kwalabe cikin kula, ta zuba sabuwar ƙanƙara. Jakunkunan nan biyu suna yashe a ƙasa babu komai a ciki. Ya tsaya yana kallonta, duk kalmomin littattafai sun gudu sun bar shi.

"Baitin nan na bishiya ya yi tsawo," ta ce, ba ta juyo ba. "Amma ba laifi."

A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara igiyar kula.

"Jibi zan zo in ga abin da zan yi da kayana. Na bar kwalba ɗaya a firji. Zan duba ta."

Motar ta tashi. Ya koma ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin kabad. Huɗu saura minti shida saƙon Injiniya ya shigo: waƙar ta tafi. Ya kife wayar. Can sai firjin ya yi shiru, irin hutun da yake yi shi kaɗai sau ɗari a rana. Mai Jita ya zabura ya miƙe, ya leƙa bayansa, ya ga wayar tana nan a soket daram. Duk da haka bai koma ya zauna ba. Ya dafa tafin hannunsa a jikin ƙarfen, ya tsaya yana jira.