Takardar Auta a Bangon Asibitin Yaya

Kowace safiya, tun kafin ya kurɓi shayi, Dakta yakan buɗe kwamfuta ya duba sau nawa masana suka ambaci aikinsa. Shekara goma sha biyu ke nan yana nazarin ƙwayoyin halittar cutar tarin fuka. A kawo masa kakin marasa lafiya cikin 'yan kwalabe, na'ura ta tona asirin ƙwayar cutar, shi kuma ya gano wacce ta daina jin magani da unguwar da ta fi yawa. An ambace shi sau ɗari biyu da sha ɗaya. Sha tara daga ciki shi ya ambaci kansa, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Sai ga kwamitin ƙarin girma na jami'arsu ya ƙaro sabon shafi a fom: a kawo shaidar cewa binciken ya amfani wani mai rai. Kwana uku Dakta yana kallon shafin nan, shafin yana kallonsa.

"Ka je wurin Yaya mana," in ji matarsa. "Ba masu tari take dubawa ba?"

Abin da yake gudu ke nan. Yayarsa nas ce a wani ƙaramin asibiti bayan tashar mota. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta bari kowa ya manta. In aka tambaye ta aikin ƙaninta, sai ta ce, "Kallon kwamfuta."

Ya same ta tana raba wa mutane magani a kan dogon benci, ƙarƙashin fankar da ta daɗe da yin ritaya. Ta miƙa masa takunkumi ba tare da ta ɗago kai ba.

"Rufe hancinka, Auta. Nan ba ofis ba ne."

Da layi ya ragu, ya yi gyaran murya. "Yaya, rahoton nan da na aiko muku shekara uku da suka wuce, kuna amfani da shi kuwa?"

"Mai kaurin nan? Sosai ma."

Ta nuna masa kusurwar ɗakin. Ga rahoton can, shafi ɗari biyu, an tokare ƙafar firjin magunguna da shi.

"Tun da muka sa shi firjin bai ƙara girgiɗi ba," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka."

Dakta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan wata takarda a bango, gefen tagar ba da magani. Ta yi baƙi saboda yawan taɓawa, an manne ta da filasta. Jadawali ne na unguwanni, da maganin da cutar ta daina ji a kowacce.

"Wannan fa?"

"Kar ka taɓa min ita! Wata ma'aikaciya ce ta kawo mana hoton takardar daga taron bita. Duk wanda ya fito daga unguwannin nan, ba ma jira ya yi wata shida yana shan maganin da ba zai yi masa aiki ba, nan take muke tura kakinsa babban gwaji. Mutum nawa ta ceta! Wanda ya rubuta ta dai ya san abin da yake yi."

"Yaya, ni ne. Shafi na sittin da huɗu. Yana ƙarƙashin firjinki."

Ta cire tabarau, ta dube shi sama da ƙasa, ta sake duban takardar.

"Kai? Shi ya sa!"

"Shi ya sa me?"

Ta ɗora yatsa a kan layi biyu da aka soke da jan biro. "Ka musanya unguwar marina da ta bayan kasuwa. Da na ga marasa lafiyata ba su dace da lissafin ba, sai na gyara. Na ɗauka kuskuren mai bugawa ne. Ashe na gida ne."

Ya koma ɗakin gwaje-gwaje yana cika yana batsewa, ya tono tsofaffin bayanansa don ya ƙaryata ta. Kafin la'asar ya gano gaskiyarta. Masana arba'in sun ambaci jadawalin nan a mujallu, babu wanda ya lura.

Dole ya rubuta gyara, ya sa sunanta kusa da nasa. Ita kuma ta rubuta wa kwamiti wasiƙar shaida a bayan takardar awon jini, layi huɗu, na ƙarshe yana cewa yaron yana da ƙoƙari in an sa masa ido. Shugaban kwamitin ya karanta ta a bainar jama'a, aka yi dariya har da hawaye, sannan aka sa hannu a takardar ƙarin girmansa.

Ranar da ya kira ta a waya ya ce ya zama Farfesa, sai ta ce, "Madalla. Ka aiko min da jadawalin bana kafin ka buga, in duba."

Ya buɗe baki zai yi musu, ya ji tana kiran mai layi na gaba. Ranar Litinin ya kai mata da kansa.