Baƙin Salansa

…su ne dai, ba wasu ba. Su da ƙofarsu ta gilashi mai nuna wa mutum kansa tun bai shirya ba, da daɓensu mai sheƙi wanda takalmin bakanike ke jin kunyar takawa. Da gangan suke gina wuraren nan, don mutum ya shiga ya ji ya ƙanƙance. Abin da yake ta nanata wa kansa ke nan tun da ya dawo gareji, yana tsugune bayan wata tsohuwar mota, tsumma a kafaɗa, ba abin da yake gyarawa. Su ne. To amma su wa? Wa ya riƙe masa hannu?

Yau Larabar Toka, farkon azumi. Da safe ya bi layi a coci, Fada ya dangwala babban yatsa ya zana masa gicciye a goshi, ya tuna masa cewa shi turɓaya ne, ga turɓaya zai koma. Mai kauri aka zana masa, don ya miƙa goshin ne kamar sojan da za a maƙala wa lamba. Tokar ma wa ya ƙona? Shi! Ganyen dabinon bara da jama'a suka dawo da shi, shi ya tara a tsohon kasko a bayan garejin nan, ya ƙona, ya tankaɗe da rariyar uwar yaransa tana ta mita… ga goshin yanzu fes, kamar na jariri.

Makulli kawai ya kai fa. Bai je roƙo ba, bai je neman aiki ba. Motar manajan wani kamfani ya gyara, ya kai ta, ya shiga miƙa makulli a teburin karɓar baƙi. Matar da ke zaune a wurin ta ɗago ta yi murmushi — na kirki, ba raini a ciki, abin da ya fi ƙona shi ke nan — ta zaro tishu.

"Baba, ka ɗan shafo baƙi a goshi."

Wasu masu kwat suna tsaye a gefe. Ɗaya ya waiwayo. Waiwayowa kawai ya yi.

"Ayya, na gode, 'yata. Aikin gareji ne."

Aikin gareji! Bakin nan da ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, bakin da ko mai mota ya zo da tsiya sai ya koma yana ba da haƙuri… shi ya faɗi haka, da fara'a. Ya goge. Har ya tofa ɗan miyau a tishun. Har ya tambaye ta ko ya fita. Ta ce saura kaɗan ta hagu. Ya goge ta hagu.

Baba Tarihi ake ce masa a coci. Bai gama firamare ba, amma littattafan bakin titi, marasa bango, masu warin ƙura, ya cinye su tas, har Fada kansa kan sauya hanya in ya hango shi tafe da tambaya. Duk Laraba ta azumi da yamma shi ke tsayawa gaban masu shirin baftisma, ya kai su zamanin Rumawa: yadda sarki ya ce kowa ya zo gaban gunki ya jefa turare a wuta. Ɗan tsunkule haka — nan yakan ɗaga yatsu biyu, ya zagaya aji da su. Wasu suka ƙi, aka miƙa su ga zakoki. Wasu suka jefa, suka koma gida suka ci abincinsu. Matsorata! yakan ce, har benci ya girgiza. Da ni ne…

Da kai ne. To ga ka. Su dai sun ga zaki, sun ji warin bakinsa. Kai me ka gani? Tishu.

A'a, tsaya tukuna. Ai a karatun safiyar nan ma an ce mai azumi ya wanke fuskarsa, kada ya yi don idon mutane. To? Ashe umarni ya bi! Zai iya tsayawa gaban aji ya kafa hujja, ya kawo dattawan ikkilisiyar farko ɗaya bayan ɗaya, ba mai iya ja da shi… Ƙarya kake, tsoho. Wancan ya wanke ne don kada a yabe shi. Kai ka goge don kada wani mai kwat, wanda ko sunanka bai sani ba, ya ɗauke ka ɗan ƙauye. A wace aya aka ce ka kira ta aikin gareji?

Tela… wayyo, tela. Bara, rana irin ta yau, ya hango telan, ɗan ajinsa, a bakin kasuwa yana jawo hula ya rufe goshi. Hula kawai ya ja, tokar na nan a ƙarƙashi. Da yamma a aji ya nuna shi da yatsa: ga mai turare nan zaune a cikinmu! Aka kwashe da dariya. Tela bai ɗago ba, yana ta murza bakin rigarsa kamar mai neman inda zare ya warware. Sai bayan Ista aka sake ganinsa, a bencin baya. Kuma har yau in sun haɗu telan ke fara gaisuwa. Baba, ina kwana. Baba!

Rana ta yi sanyi. Aji na jira. Uwar yara ma za ta zo, ita da tun safe take kaffa-kaffa da nata gicciyen, ko gyale ba ta bari ya taɓa shi ba, kuma matar nan goshinsa za ta fara kallo kafin ta amsa sallama. Zufa ce ta wanke? Zufar da ta san ta bi ta hagu ta share tas? Ragowar toka tana wurin Fada, a kulle. Ya je ya ce me? Fada, a ƙara mini, ta farko ta… ta me?

Salansar motar, inda hayaƙi ke fita, tana daidai gwiwarsa. Bai san sa'ad da yatsansa ya shiga ba. Ya fito baƙi ƙirin, laushi kamar gari. In an shafa wannan, wa zai bambance? Shi da ya ƙona ta gasken ma sai ya sunsuna. Ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, shi ke nan, Baba Tarihi ya dawo. Da safe ya kira toka baƙin gareji, yanzu kuma zai kira baƙin gareji toka…

Akwai fa kashi na uku a labarin nan. Waɗanda ba su jefa turare ba, ba su kuma fuskanci zaki ba, sai suka bi ta bayan gida suka samo takardar shaidar ƙarya cewa sun jefa. Su ya fi yi wa ba'a a aji. 'Yan dabara, yakan ce, masu son su yi wa Allah wayo.

Akwai kuma wani shafi, wanda kullum yake tsallakewa don ba ya daɗin ba da labari. Bayan ƙura ta lafa, waɗanda suka faɗi sun dawo ƙofar ikkilisiya suna kuka. Masu zafin kai suka ce a rufe, har abada — shi kuwa a ransa da su yake, kullum da su yake. Amma aka buɗe. Masu tuba kuma, da toka a ka suke tsayawa a bakin ƙofa, suna roƙon masu shiga su sa su a addu'a. Tun asali tokar ta irinsu ce. Ta waɗanda suka faɗi. Shi kuma shekara da shekaru yana yawo da ita a gari kamar…

Ƙarar babur a bakin gareji. Ta ƙarƙashin mota yana hango ƙafa ta sauka, ya leƙa ta gefe: tela ne. Ba hula. Gicciyen na nan, zufa ta ɗan ja shi zuwa gira.

"Baba Tarihi! Kana ciki? Fito in rage maka hanya, jama'a sun taru. Yau ma za a sako mana zakokin ne?"

Da dariya yake faɗa, ba komai a ransa. Bai gan shi ba tukuna. Motar ta kare shi, kuma yatsan na nan a sama, tsakanin gwiwa da goshi… ya shafa ya fito Baba Tarihi, ko ya fito haka, fes, gaban tela — gaban tela fa…

"Baba?"

Kai kuma da kake jin wannan kana girgiza kai, ce mana: da kai ne, da ba ka karɓi tishun ba. Ce yatsanka bai taɓa shiga salansa ba. Faɗi mana, ɗaga murya, shi ma da ƙarfi yake faɗa.