Tauraro Ɗaya Ƙasa da Yaya

Gara in faɗi gaskiya, da farko ban so wasan nan ba ko kaɗan. Shekara goma sha huɗu ina koyar da lissafi da alli da tsakuwa da marfin kwalba, sai rana ɗaya aka tara mu bita a Dutse, aka damƙa min kwamfutar hannu guda uku, wai in je in koyar da yara saba'in da biyu. Uku! Na ce to, Allah ya ba mu lafiya. Na rungumo su na hau mota na koma makarantarmu, can wani ƙauye gaba da Aujara kaɗan.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ɗan akuya ne a bakin rafi yana son tsallakawa. Tambaya za ta fito, a ce bakwai a tara da takwas, ga amsoshi uku a kan duwatsu uku. Ka taɓa daidai, ɗan akuya ya dira kan dutse. Ka kuskure, ya faɗa ruwa tsundum, yara su kwashe da dariya. In ya tsallake rafin gaba ɗaya, an ba ka tauraro. Kowane yaro da sunansa a ciki, kuma akwai shafin da ke jera sunayen, mai taurari da yawa a sama. Sabis ba ya shiga ajinmu, sai gindin darbejiyar bakin ofis, don haka can muke shimfiɗa tabarma, shida-shida, sauran suna kwafar aiki a allo.

Kafin wata guda na sauko daga fushina. Yaran da a da sai na yi ta "kai, kai" kafin su ɗaga kai, yanzu rige-rigen zama a tabarma suke.

Ana nan hedimastanmu, Malam Ɗanladi, ya gaji da ƙorafin malamin aji huɗu, wai muna turo masa yaran da ba su iya ɗebewa ba. Ya kira ni ya ce, "Malama Lauratu, tunda na'urar nan ba ta san ɗan kowa ba, ita za ta raba mana gardama. Duk wanda bai kai tauraro ashirin da biyar ba zuwa Alhamis ɗin ƙarshen zango, zai maimaita aji uku."

A cikin waɗanda ke can ƙasan jerin akwai 'yan gida ɗaya, Safiyatu da ƙanwarta Fiddausi. Safiyatu shekararta goma sha biyu. A wajen kakarta ta tashi, a wata ruga da babu makaranta, sai da tsohuwar ta rasu aka dawo da ita aka haɗa ta aji da ƙanwarta mai shekara tara. Yarinya ce mai ƙoƙari, Allah ya sani, amma lissafi yana ba ta wuya. Fiddausi kuwa na ɗauka kawai jinin gidan ne haka.

Saura mako biyu na zauna ina duba abin da kowa ya samu mako-mako, sai idona ya tsaya. Safiyatu tara, Fiddausi takwas. Mako na gaba, goma sha uku da goma sha biyu. Na gaba, goma sha bakwai da goma sha shida. Makon da zazzaɓi ya kwantar da Safiyatu, Fiddausi ta zo kullum, ta yi wasa kullum, ko tauraro ɗaya ba ta ƙara ba. Kai, na ce, wannan ba daƙiƙanci ba ne. Daƙiƙi ba ya iya faɗuwa a daidai haka.

Washegari na tsaya a bayan Fiddausi kamar ina kallon wani abu daban. Tambaya ta fito, arba'in da biyu a ɗebe goma sha bakwai. Ni kaina ban gama lissafawa ba ɗan yatsanta ya riga ya kai kan ashirin da biyar. Ya tsaya a nan bai taɓa ba. Sai ta saci kallon yayarta, ta kautar da yatsan ta dangwala talatin da biyar. Ɗan akuya ya yi tsundum, yara suka yi dariya, ita ma ta taya su.

Wallahi raina ya ɓaci. Da aka tashi tara na riƙe ta a aji na rufe ƙofa.

"Ke Fiddausi, ni za ki mayar sakarya? Tara sau bakwai."

Ta sunkuyar da kai. "Sittin da uku, Malama."

"Ɗari a ɗebe talatin da takwas."

"Sittin da biyu."

"To don ubanki, me ya sa kike jefa akuyar mutane a ruwa?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce a hankali, "Malama, sunana zai hau kan na Yaya."

"To sai me?"

Ta ɗago ta dube ni da mamaki, kamar na ce ta zauna a kan buzun babanta. Ni da nake wannan faɗan, har yau in na je gidanmu a Yalwawa na tarar da yayata a tabarma, ba na iya hawa kujera. A gidajenmu haka ake tashi, ƙarami ba ya riga babba sa hannu a kwano. Mu muka koya mata, ga shi kuma mun kawo na'urar da ke ɗora sunan wani a kan na wani a gaban kowa.

Na je wajen hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗaga musu ƙafa su wuce tare mana."

Ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, babbar ta iya ɗebewa?"

Ba ta iya ba, ni ma na sani.

"In kin tura ta aji huɗu a haka, cutarta kika yi. Ƙaramar kuma ba zan rubuta mata abin da ba ta nuna ba."

Haushinsa na ji, amma gaskiya ya faɗa. Sai na koma kan Safiyatu, kullum lokacin tara muna gindin darbejiya da tsakuwa, ina yi tana yi, har gumi ya riƙa tsattsafo mata a hanci. Ta matsa, ba laifi. Amma ranar Laraba taurarinta ashirin ne, na Fiddausi goma sha tara. A zama ɗaya Safiyatu ba ta taɓa wuce tauraro guda ba, biyar kuwa ko a mafarki.

Ranar na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Safiyatu, akwai wata magana game da ƙanwarki."

Tana tattara tsakuwa ta ce, "Na sani, Malama."

"Me kika sani?"

"Ai ta fi ni. Tun ran farko na gani." Ta zuba tsakuwar a gwangwani ɗaya bayan ɗaya. "Shi ya sa nake ta sauri in kai ashirin da biyar ɗin, don kada in tsare mata hanya. Kaina ne ya ƙi."

Na juya ina gyara tabarmar da ba abin da ya same ta, don kada ta ga idona. Ashe duk gumin nan ba don kanta take yi ba.

Na ce, "Ni ba za ta ji maganata ba. Taki za ta ji."

Aka kaɗa ƙararrawa ta koma aji.

Ranar Alhamis da hantsi layinsu ya zo. Safiyatu ta fara, ta yi iya yinta, ta samu tauraro ɗaya, ashirin da ɗaya ke nan. Ta miƙa wa ƙanwarta kwamfutar, amma ba ta koma mazauninta ba. Ta tsaya a kanta, ta ɗaure fuska irin ta manya.

"Fiddausi."

"Na'am, Yaya."

"Wuce. Ni na ce ki wuce. In kika sake jefa shi a ruwa, ni da ke ne."

Fiddausi ta dube ta, ta dube ni, sannan ta sa yatsa. Ikon Allah! Ɗan akuyan nan ya riƙa tsalle kamar an sake shi daga turke. Ashirin, ashirin da ɗaya. A nan hannunta ya tsaya. Safiyatu ta dungure mata kai. Ashirin da biyu. Sunan ya motsa ya hau sama, yaran tabarma suka yi tsit. Daga nan hawaye ne ke ɗiga a kan gilashin, tana sharewa da gefen hannu tana ci gaba, har ta kai ashirin da biyar. Ta ajiye na'urar ta kifa kai a gwiwa tana kuka mai sauti.

Safiyatu ta durƙusa ta ɗago mata fuska ta share da hijabinta. "Ke dalla rufe mana baki, kin cika mu da kunya a gaban mutane."

Sannan ta miƙe ta zo gabana, ta ɗan rusuna. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Malama, in an dawo hutu ki sa ni a bencin gaba. A baya ba na ganin allo sosai."